Ina so in san addinin Kirista da kaina: ta ina zan fara?

Ɗan Barnawa ya rubuta:

Ina gaishe da iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Tambaya nake tafe da ita, kuma ina roƙon a amsa mini cikin natsuwa, domin ba don gardama na kawo ta ba.

Ni Musulmi ne, a nan Kaduna aka haife ni, a nan kuma nake aiki. Da yawa daga cikin abokan aikina Kirista ne, maƙwabtana na dama da hagu ma haka, muna zuwa wa juna biki da gaisuwar mutuwa, amma da za a tsare ni a ce in faɗi abin da suka gaskata, ba zan iya kawo bayanin da su da kansu za su yarda cewa nasu ne ba. Ɗan abin da na sani, ko dai daga bakin waɗanda ba Kirista ba na ji shi, ko kuma daga guntayen bidiyon muhawara da ke yawo a Facebook da WhatsApp, inda kowa burinsa ya kayar da abokin zamansa.

Na sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayata na fara daga Farawa. Labarin halitta da na Nuhu da Ibrahim da Yusufu sun tafi da ni ba wahala, amma da na isa ga ma'aunin alfarwa da dokokin hadaya sai na tsaya cik, domin na kasa ganin inda waɗannan suka haɗu da abin da maƙwabtana suke yi ranar Lahadi. Aikina na dare da rana ne, ba ni da lokacin zama a aji, kuma gaskiya ba na so in je wurin wanda zai ɗauka cewa sauya addini na zo yi. Shin mutum zai iya koyon wannan addini shi kaɗai? Idan zai iya, ta ina zai fara, wace fassara zai riƙe, kuma me ya sa coci-coci suka yi yawa haka alhali littafin ɗaya ne?

Tsohon Malami, Sabon Tasha, ya amsa:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Wurin da ka tsaya, nan mafi yawan masu farawa suke tsayawa, har da 'ya'yan Kirista da aka haifa cikin ikkilisiya, wato jama'ar coci, saboda haka kada ka ga kamar kai ne ka gaza.

Abin da ke hannunka tarin littattafai ne guda 66 da aka haɗa a bango ɗaya, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Mutane daban-daban ne suka rubuta su cikin ɗaruruwan shekaru, na farko da Ibrananci tare da ɗan Aramiyanci, na biyu da harshen Girka, kuma a ciki akwai tarihi, da shari'a, da waƙoƙi, da karin magana, da annabci, da wasiƙu. Ba a jera su bisa sauƙin fahimta ba, ba a kuma jera su duka bisa lokacin da aka rubuta su ba. Mu Kirista muna karanta Tsohon Alkawari ne ta hasken abin da muka gaskata game da Yesu Almasihu, don haka wanda bai san labarin Yesu ba tukuna zai sha wahala kafin ya gane dalilin da ya sa Littafin Firistoci, mai dokokin hadayar da ka ambata, yake cikin littafinmu alhali ba ma yanka hadaya.

Shawarata ita ce ka ajiye Tsohon Alkawari na ɗan lokaci ka buɗe Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta cikin Bisharu huɗu masu ba da labarin rayuwar Yesu, sura 16 ce kawai, mafi yawan masana kuma suna ganin ita aka fara rubutawa, wajen shekara ta 70 Miladiyya. Ka karanta ta daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya ko biyu, ba tare da tsayawa kan kowace aya ba, kana riƙe da tambaya ɗaya a ranka, wato wane ne marubucin yake cewa wannan mutum ne. Za ka lura cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na littafin ya ƙare ne a kan makon ƙarshe na Yesu a Urushalima, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda nauyin addinin yake.

Daga nan ka wuce Luka, sai Ayyukan Manzanni, domin marubuci ɗaya ne ya rubuta su biyun ga wani mutum mai suna Tiyofalas, na biyun kuma ci gaban na farko ne. A Luka za ka sami misalin Basamariye mai tausayi a sura 10 da na ɗan da ya ɓata a sura 15, waɗanda babu Kiristan da bai san su ba. A Ayyukan Manzanni za ka ga yadda ƙaramar jama'a ta Yahudawa a Urushalima ta zama ikkilisiyoyi da suka kai har Roma, za ka kuma san Bitrus da Bulus, waɗanda rabin abokan aikinka suke ɗauke da sunayensu. Idan ka gama waɗannan, ka karanta Matiyu sura 5 zuwa 7, inda wa'azin kan dutse da Addu'ar Ubangiji suke, sannan Bisharar Yahaya, wadda salonta ya bambanta da na sauran ukun. Wasiƙar Romawa ka bar ta sai ka yi ƙwari, Wahayin Yahaya kuwa, wanda yake a ƙarshe, kada ka taɓa shi yanzu ko da wani ya ce maka a ciki asirin ƙarshen duniya yake. Bayan duk wannan, idan ka koma Fitowa da Littafin Firistoci tare da wasiƙar Ibraniyawa a gefe, za ka ga abin da ya tsayar da kai ya fara buɗewa.

Game da fassara, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa ne a 1932, kuma babban wanda ya yi wahalarsa shi ne Dokta Walter Miller na CMS, mishan ɗin cocin Angilikan, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ya koma Wusasa. Cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a Wusasa a 1929 yana nan har yau. Hausar wannan tsohuwar fassara tana da nauyi, mu tsofaffi muna sonta domin da ita muka haddace ayoyi, amma ga mai farawa na fi ba da shawarar fassarar 1979, wadda ta fi kusa da yadda muke magana. Akwai kuma wata ta baya-bayan nan da ake kira Sabon Rai Don Kowa. Ka sani cewa sunayen wasu littattafai sun bambanta tsakaninsu, inda wata ta ce Matta da Yohanna wata za ta ce Matiyu da Yahaya, littafin dai shi ne. Idan ka ga an rubuta Yahaya 3:16, lambar farko sura ce, ta biyu aya. Waɗannan lambobi ba marubutan asali ne suka sa su ba, an raba surori a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551, saboda haka duk wanda ya jefo maka aya ɗaya tilo, ka karanta abin da ke gabanta da bayanta kafin ka yanke hukunci.

Maman Kakuri ta amsa:

Baba, na gaishe ka da girmamawa, kuma ban ƙi jerin da ka ba shi ba, sai dai akwai abu biyu da zan ƙara, ɗaya gyara ne, ɗaya kuma saɓanin ra'ayi.

Gyaran shi ne, 66 lissafin 'yan Furotesta ne. Mu Katolika namu 73 ne, domin Tsohon Alkawarinmu yana da ƙarin littattafai bakwai, irin su Tobit da Yudit da littattafan Makabi guda biyu. Sabon Alkawari kuwa 27 ne a wurinmu da wurinsu duka. Ya kamata ɗan'uwanmu ya san wannan tun yanzu, kada wata rana wani ya nuna masa bambancin ya ce ga shi an ɓoye masa wani abu.

Saɓanin kuma shi ne, ban yarda mutum ya fara da karatu zalla ba tare da an ba shi taƙaitaccen abin da Kirista suka gaskata ba. Ƙanena, ka nemi Aƙidar Manzanni da Aƙidar Nikiya, ko wacce ba ta kai shafi ɗaya ba. A cikinsu za ka ga jigon abin: Allah ɗaya Mahaliccin sama da ƙasa, Yesu Almasihu wanda budurwa Maryamu ta haifa, aka gicciye shi a zamanin Bilatus, ya mutu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku, zai kuma dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, sai Ruhu Mai Tsarki, da ikkilisiya, da gafarar zunubai, da tashin matattu. Katolika da Angilikan da Lutheran suna karanta su da baki a sujada, waɗanda ba sa karantawa ma, kamar yawancin cocin Fentikostal, sun yarda da abin da ke ciki. Idan ka riƙe wannan, duk cocin da ka ji labarinsa za ka iya raba abin da yake na kowa da abin da yake nasu su kaɗai.

Tambayarka ta yawan coci-coci tarihi ne ke amsa ta. Ikkilisiyar gabas da ta yamma sun rabu a 1054, tun kafin nan ma Kibɗawan Masar da Habashawa sun kama tasu hanya bayan taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Kalsidon a 451. A 1517 Martin Luther ya ta da gyara a Jamus, daga nan reshen Furotesta ya fito ya kuma yi ta rassa. Abin da kake gani a Kaduna ya bi sawun mishan ɗin da ya fara isa kowane yanki. ECWA ta fito ne daga mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda mutanensa uku na farko suka sauka Legas a 1893, ɗayansu, Walter Gowans, ya rasu a Girku a nan jiharmu a 1894, ita kuma ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. COCIN daga mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) take, EYN daga mishan ɗin da ya fara aiki a Garkida, HEKAN kuma hedikwatarta a nan cikin garin Kaduna take. Bambancin da za ka fi gani da ido shi ne na baftisma, mu da Angilikan muna yi wa jarirai, ECWA da Baftis sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa a nutsar da shi cikin ruwa, sai kuma na shugabanci, da matsayin Maryamu, da yadda aka fahimci Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da sha daga ƙoƙo don tuna mutuwar Yesu.

Kan ko za ka iya kai kaɗai, amsata ita ce za ka iya farawa, amma da ɗan gari akan ci gari. A Ayyukan Manzanni sura 8 akwai wani babban ma'aikacin sarauniyar Habasha da yake karanta littafin Ishaya cikin karusarsa, da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, sai ya nuna cewa ba zai iya ba sai an yi masa jagora. Addinin nan a cikin jama'a ake yin sa, kuma akwai abin da ba za ka gane a takarda ba sai ka ga yadda ake azumin kwana arba'in daga Larabar Toka, da yadda coci yake yin tsit ranar Juma'ar da ake tuna gicciye, da yadda yake ɓarkewa da waƙa ranar Ista.

Mai Nazari, Tudun Wada, ya amsa:

Malam, ni ɗan'uwanka ne Musulmi, na kuma bi wannan hanya don neman ilimi, saboda haka zan faɗa maka abin da su Baba da Mama ba lalle su hango ba, tunda su a ciki suka tashi.

Babban abin da zai rikita ka shi ne shiga littafin da tsammanin zai zo da siffar Alƙur'ani. Mu mun saba da nassi guda wanda muka yi imani Allah ne yake magana a cikinsa kai tsaye, su kuwa Bisharu huɗu labarin rayuwar Yesu ne daga marubuta huɗu, kuma Kirista ba sa ɓoye wannan ko jin kunyarsa, abin da suke cewa shi ne Ruhun Allah ya bi da marubutan. A wurinsu babban wahayin shi ne Yesu kansa, littafin kuma shaida ne a kansa. Idan ba ka riƙe wannan ba, za ka ɓata lokacinka kana amsa tambayar da su ba su yi ba.

Na biyu, sunaye za su yi maka kama da na gida, Ibrahim da Musa da Dawuda da Zakariya da Maryamu, har ka ɗauka abu ɗaya ake faɗa. Akwai haɗuwa ta gaske, wanda duk ya karanta Luka sura 1 kuma ya san Suratu Maryam zai ga haka. Amma akwai rabuwa ta gaske ita ma, kuma ba ƙarama ba ce. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, alhali Bulus a 1 Korantiyawa sura 15 ya ɗora addinin gaba ɗaya a kan mutuwar Almasihu da tashinsa, har ya ce idan bai tashi ba bangaskiyarsu banza ce. Ban ga amfanin shafe wannan don a faranta wa juna rai ba, ban kuma ga amfanin mayar da shi abin zagi ba. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, ban ɗauka na fahimci wata aƙidarsu ba sai na iya bayyana ta a gaban Kirista mai ilimi ya ce haka ne, ko da ni ban yarda da ita ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Bidiyon muhawara kuwa ka ƙaurace musu na wani lokaci, na kowane ɓangare, haka ma masu wa'azin talabijin da ba su da zance sai na kuɗi da mu'ujiza, domin Kirista da yawa su ma ba sa kallonsu a matsayin wakilansu. Ka samu littafin rubutu ka raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da nassin ya ce, ɗaya gefen tambayarka, kada ka bari su cakuɗe. Idan kana son wurin da za ka yi tambaya ba tare da an yi maka wata fassara ba, garinmu yana da cibiyar sasanta mabiya addinai da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa tun 1995, irin wannan zama shi ne aikinsu.

Ɗan Barnawa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, Mama, da Malam, Allah ya saka da alheri. Na fara Markus kamar yadda aka ce. Saura abu biyu. Na farko, ina zan sami bayanin Triniti, wato koyarwar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, daga bakin masu ita, tunda nan ne na fi jin maganganu masu karo da juna? Na biyu, Mama ta ce sai an gani da ido, to idan na bi abokin aikina sujada ranar Lahadi don in gani kawai, me zan tarar, me kuma ya kamata in kiyaye?

Tsohon Malami, Sabon Tasha, ya sake amsawa:

Ɗana, gyaran da Mama ta yi mini daidai ne, maganar Malam ma na sa hannu a kanta.

Kan tambayarka ta farko, ka fara da sanin cewa babu Kiristan da ya san addininsa da zai ce maka alloli uku yake bauta wa, kuma Maryamu ba ta cikin ukun da ake magana. A Markus 12:29, wanda za ka isa nan ba da daɗewa ba, Yesu da kansa ya maimaita abin da ke Maimaitawar Shari'a 6:4, cewa Ubangiji ɗaya ne. Abin da muke cewa shi ne Allah ɗaya ne a zatinsa, ya kuma bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma kiran Yesu Ɗan Allah ba ya nufin haihuwa irin ta jiki, wannan mu ma saɓo muke ɗaukarsa. Wuraren da za ka karanta su ne Yahaya sura 1, da Filibiyawa sura 2, da ƙarshen Matiyu sura 28. Koyarwar ta samu tsayayyen lafazinta ne bayan doguwar jayayya, lokacin da wani limamin coci na Iskandariyya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, aka tara shugabannin ikkilisiya a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a 325, aka ƙi koyarwarsa, aka kuma kammala lafazin a Kustantiniya a 381. Wannan ce aƙidar da Mama ta ce ka nema. Idan wani ya kawo maka kwatance na ruwa da ƙanƙara ko na ƙwai, ka saurare shi da ladabi amma kada ka ɗauka shi ne koyarwar, malamanmu na tauhidi a Kagoro da Bukuru su ne na farko wajen nuna inda waɗannan kwatance suka gaza.

Kan ziyara kuwa, ka gaya wa abokinka niyyarka ƙarara tun kafin ranar, ka kuma roƙe shi ya sanar da fasto ko wani dattijon ikkilisiya, domin saboda halin tsaro yawancin coci suna bincike a ƙofa, baƙon da ba a san da zuwansa ba kuma yakan sa a yi ta kallonsa. Kai ma ka san garinmu da iyalinka, ka auna ko zuwan zai jawo maka maganar da ba ka shirya mata ba, idan haka ne ɗaurin aure ko jana'izar maƙwabci ya ishe ka ganin abu mai yawa. Ka zaɓi sujadar Hausa, wadda coci da dama suke yi daban da ta Turanci. A irin cocinmu za ka ga an rubuta lambobin waƙoƙi a allo kusa da bagade, jama'a su buɗe Littafin Waƙoƙi su miƙe, sai matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, cikin atamfa iri ɗaya su fito da tulun kiɗa da kacau-kacau, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amsawa, daga nan a yi karatu, a yi wa'azi, a zaga a karɓi baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa ga coci. Ba dole ba ne ka ba da baiko, ba dole ba ne ka yi waƙa ko ka durƙusa, zama cikin natsuwa ya isa. Za a iya cewa baƙi su miƙe a gaishe su, wannan maraba ce kawai, amma idan mai wa'azi ya kira masu son karɓar Almasihu su fito gaba, wannan kira ne na shiga addini, sai ka zauna a wurinka. Haka kuma idan ranar Jibin Ubangiji ce, gurasar da ƙoƙon na waɗanda aka yi wa baftisma ne, idan tire ya iso gabanka ka miƙa wa na kusa da kai, a cocin Katolika kuma kada ka shiga layin masu karɓa.